Wannan Na'ura Ba Ta Dace Ba

Ku da kuke ta turo mini saƙo kuna tambayar ko lafiya na yi shiru, to ba lafiya ba. Rasa ta inda zan fara na yi. Kuma kafin wata ta rubuto mini "ki yi haƙuri 'yar uwa", don Allah ta bari ta kai ƙarshe tukuna, domin ni kaina ban san wanda ya fi cancantar a ba shi haƙurin ba a cikinmu.

Ga wadda yau ta fara shigowa: ni ce auta a gidanmu, mu biyu Mama ta haifa, ni da Yaya. Ina aiki a shagon sayar da tabarau, ina goge gilashi, ina gaya wa mutane ya yi musu kyau ko da bai yi ba. Babanmu direban babbar mota ne, ya rasu bara a kan hanya. Motar da kayan da wayarsa duk wuta ta cinye. Sai kuma wanda yake nemana da aure, wanda Yaya ya laƙa wa suna Malam Buɗe, sunan ya bi shi har ni ma da shi nake kiransa.

A shago muka haɗu. Ya shigo da wani tsohon tabarau mai hannu ɗaya a karye, baƙar riga a jikinsa, jakar goyo a bayansa wayoyi suna leƙowa ta zif kamar hanji. Na jera masa sababbi a kan gilashi, ya ƙi ko kallonsu.

"Ƙusa ɗaya ce ta faɗi," ya ce. "Ita nake so ki sayar mini."

"Ba ma sayar da ƙusa, malam."

"To ki ba ni kyauta, sai in riƙa tuna ki duk sanda na ga hanya."

Na yi dariya, kuma wallahi dariyar nan ita ta jawo mini duk abin da za ku karanta.

Shi mutumin nawa yana cikin masu aƙidar buɗaɗɗiyar manhaja. Ni ma da ban san da su ba. Su a wurinsu, duk manhajar da ke cikin waya ko kwamfuta dole ne masu yinta su bar rubutun cikinta a fili, kowa ya duba, ya gyara, ya ba wani. Wadda aka rufe kuwa ba sa taɓa ta. Yakan ce mini, "Wayar nan da kike riƙe da ita ba taki ba ce, Auta, aro aka ba ki. Tunda ba za ki iya buɗe cikinta ba, ranar da suka ga dama za su ce ta tsufa." Idan ya fara wannan bayani idonsa har wani haske yake yi, ni kuma in tallafe haɓa ina kallon bakinsa, rabin maganar tana wuce ni.

Ku yarda ko kada ku yarda, ba ya kan manhajar hirar nan da duk duniya take kai, wadda har mai kawo mana ruwa yana da ita. Kurkuku yake kiranta. Wata daban ya saka mini a wayata, kuma a cikinta gaba ɗaya mutum ɗaya nake da shi, shi. Idan ta yi ƙara ba sai na duba ba. A lokacin abin burge ni yake yi, ina jin kamar ɗaki aka gina mana mu biyu.

Yaya ne abin bai taɓa burge shi ba. Akwai ranar da ya roƙe shi ya tsara masa bayanin da zai gabatar a wurin aiki. Malam Buɗe ya zauna ya tsara abu mai kyau, na gani da idona. Da Yaya ya buɗe a kwamfutar ofis gaban manyansa, sai rubutu ya hau kan rubutu, hotuna suka gudu gefe. Ya dawo gida kamar zai ci babu.

"Ba fayil ɗina ne ya ƙi ba, Yaya," in ji Malam Buɗe. "Manhajarsu ce ba ta bin ƙa'ida."

"Ni na tsaya gaban oga ina zufa ko ƙa'ida?" Yaya ya ce. Ya juyo kaina. "Ke Auta, mutumin da takardarsa ma ba ta zama lafiya da ta mutane, shi ne zai zauna lafiya da dangi?"

Duk gidan, ban da ni, Baba ne kaɗai ya miƙa wa Malam Buɗe waya ya ce ya saka masa manhajar tasa. "Saka mini, samari, in na so magana da kai in same ka." Ranar har rawa na taka a kicin. Daga ni har Mama mun ɗauka amincewa ce, don Baba ba mai yawan magana ba ne, da hannu yake nuna abin da yake nufi. Bayan rasuwarsa duk sanda Yaya ya tayar da maganar in rabu da Malam Buɗe, amsar Mama ɗaya ce: "Babanku ya karɓe shi. Ni ba zan kori wanda ya karɓa ba." A kan wannan jumlar kaɗai maganar aurena take tsaye.

Yanzu bari in gaya muku zancen wayar Mama.

Baba ba ya son hoto, ba ya son bidiyo, in ka ɗaga waya sai ya kare fuska da hula. Mu 'ya'yansa kira kawai yake yi, "Kina ina? To Allah ya tsare," ya kashe. Amma Mama, saboda idonta ba ya ganin ƙananan rubutu, saƙon murya yake tura mata daga duk inda ya tsaya. Shekara da shekaru suna taruwa a cikin wata 'yar baƙar waya mai tsagaggen gilashi da roba a ɗaure a bayanta. Tunda tasa ta ƙone, babu inda muryar Baba ta rage a duniya sai cikin wannan wayar.

Kullum da safe in na fito zan tafi aiki, zan tarar da Mama a kan dogon kushin, kofin shayi a gefe, wayar a kan cinyarta. Kujerar Baba mai hannun katako tana fuskantarta, babu mai zama a kai. Sai ta danna, sai muryarsa ta cika falon, da ƙarar injin a bayanta: "Mutuniyar, kin tashi? Na tsaya shan shayi ne. Ki ce wa Auta ta daina barin fitilar baranda a kunne." Mama ta amsa masa, wallahi amsawa take yi, "Na tashi. Ai ka san halinta." Da farko abin yana sa ni kuka, daga baya na saba, har nake kashe fitilar.

Sai wayar ta fara ciwo. Zafi, nauyi, ta ɗauke da kanta. Ana cikin haka manhajar hirar ta fara fito da gargaɗi cewa nan gaba kaɗan za ta daina aiki a kan tsohuwar waya irin wannan. Yaya ya ce abu mai sauƙi, a sayi sabuwa, a kai shago su juye komai yadda kowa yake yi. Mama ta ƙanƙame abarta ta ce babu yaron shagon da zai taɓa mata.

Ni ce na kawo sunan Malam Buɗe. Na ga dama ce ta samu, ya yi wa Mama abin da zai rufe bakin Yaya har abada.

Ya zo da yamma. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ɗinkin zare a wuya, wadda ya ce tana yi mini kyau, na yafa farin mayafi, na fesa turare har Yaya ya yi atishawar gangan. Shi ma ranar ya bar baƙar rigar, ya sa mai maɓalli, an goge ta har tana tsayawa da kanta. Ya durƙusa ya gaida Mama, ya karɓi wayar da hannu biyu, ya jujjuya ta.

"Mama, wayar nan lafiyarta ƙalau. Su ne suke so ki zubar ki sayi wata. Zan kwashe duk abin da ke ciki in adana a kwamfutata, in cire mata tsarin kamfani in saka mata na 'yanci. Za ta yi sauri kamar sabuwa, kuma babu mai sake ce miki ta tsufa."

"Ni dai muryar," Mama ta ce.

"Ita zan fara kwafewa. Wuri biyu ma zan ajiye."

Yaya yana tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihu. "Malam, a juye a sabuwa kawai mana. Wa ya ce maka 'yanci take nema?"

"Yaya, in aka juye a sabuwa, an sake kai ta wani kurkukun ne. Bayan 'yan shekaru a sake wannan zaman."

Mama ta dube ni. Ni kuma na gyaɗa mata kai. Wannan gyaɗa kan, har yau in na tuna shi sai in ji wuyana ya yi mini nauyi.

Ya baje kayansa a kan teburin tsakiya, kwamfutarsa mai cike da sitika, wayoyi kala-kala. Ya kwafe, ya nuna mana fayil ɗin a sikirin, ya sake kwafewa a wani ɗan ƙarfen ajiyar fayil ya miƙa wa Mama ta riƙe. Sannan ya ce zai buɗe makullin wayar, kuma buɗewar takan goge komai, amma kada mu damu tunda ga kwafi a hannu. Baƙin sikirin, fararen rubutu suna gudu. Na kawo masa lemo bai ko kalla ba. Da wayar ta tashi kuwa, tubarkalla, sai ka ce ba ita ba. Ko ina ka taɓa ta buɗe nan take. Har Mama sai da ta yi murmushi.

Ya mayar da fayil ɗin. Ya saka manhajar hirar, yana yamutsa fuska kamar mai ɗaukar ƙazanta. Ya danna. Sai wani ɗan farin akwati ya fito a tsakiyar sikirin.

Wannan na'ura ba ta dace ba.

"Ba komai," ya ce da sauri. "Sun gane an canza tsarin ne. Akwai hanya."

Ya bi hanyar, ta ƙi. Ya bi wata. Ya ce a ba shi wayata, ya gwada fayil ɗin a kanta, manhajar ta buɗe amma ta ce ba ta san wannan fayil ba. Ya buɗe shi a kwamfuta, muka leƙa, babu komai sai tarkacen alamomi marasa kan gado. Ina kallon ƙeyarsa na ga zufa ta tsattsafo ta jiƙa wuyan rigar da aka goge.

"Me ya faru?" na tambaye shi a hankali.

Bai ɗago ba. "Sun kulle fayil ɗin. Makullin ba a cikinsa yake ba, yana wani lungu ne a cikin wayar, inda ba a kwafa."

"To ka ɗauko shi mana."

"Shi buɗewar ta goge."

Ban san sanda na zauna a ƙasa ba. Yaya ya tako ya tsaya a kansa, muryarsa ƙasa-ƙasa, wadda ta fi ihunsa ban tsoro. "Yi mini Hausa. Muryar ubana tana nan ko ba ta nan?"

"Tana nan a ciki, Yaya. Buɗewa ce ba za ta yi ba. Kuma wannan shi ne abin da nake faɗa kullum, da a buɗaɗɗen tsari suka ajiye ta..."

Bai ƙarasa ba Yaya ya shaƙo wuyan rigarsa, maɓalli ya yi tsalle ya faɗa cikin kofin lemon. Na yi ihu. Mama ce ta ce, "Sake shi." Ba da ƙarfi ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki wayarta daga kan tebur, ta shafa sikirin ɗin da gefen mayafinta, ta tashi ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Ko hawaye ba ta yi ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar Asabar na bi Malam Buɗe wurin taronsu. Wani ɗaki ne a saman shagon buga takardu, bene mai duhu, fanka ɗaya tana kuka, tebura cike da tsofaffin kwamfutocin da mutane suka yar su kuma suka tashe su. Ya ce in akwai mai iya buɗe fayil ɗin a duniya, to a ɗakin nan yake. Na zauna a kan wata kujerar roba, jakata a ƙirji, ina jin kaina kamar wadda ta kawo mara lafiya asibiti.

Babbansu wani ne da suke kira Gemu. Ya duba, ya duba, ya tura kwamfutar gefe.

"Ko shekara dubu za mu yi ba za ta buɗu ba. Amma 'yar uwa, ina so ki gane, ɗan uwanmu bai yi laifi ba. Laifin na waɗanda suka kulle wa mace muryar mijinta ne, suka riƙe makullin. Ya kamata ma a rubuta wannan labari, mutane su ga abin da muke faɗa."

"Labari?" na ce. "Uwata ce fa."

"Shi ya sa zai ratsa mutane."

Wata mata ce a can ƙarshen tebur ta ja tsaki. Ita kaɗai ce mace a cikinsu, babba ce, da tabarau a goshi da ƙaramin sukundireba a hannu. Suna kiranta Waya Biyu, wai don tana riƙe da ta aƙida da kuma ta mutane.

"Gemu, ji tsoron Allah. Kullewar tasu mugunta ce, na yarda. Amma ka san suna kullewa, shi ma ya sani. Kafin a goge abu ana fara gwada kwafin a ga ya buɗe. Ko kuma ka kunna muryoyin ɗaya bayan ɗaya ka naɗa da wata wayar, aikin ƙauyanci amma da yanzu suna nan." Ta juya ta kalli Malam Buɗe. "Kai ba muryar ka je ceto ba. Wayar ka je 'yantawa."

"Ke dama rabinki nasu ne," in ji Gemu.

"Rabin nawa da yake nasu, da shi nake jin muryar jikokina."

Nan fa gardama ta kaure, wannan ya ce sassauci ne yake kashe tafiyar, wancan ya ce tsauri ne yake korar mutane, har suka koma musu a kan wata firinta da ta ƙi aiki da kwamfutar wani tun bara. Sun manta da ni sarai. Shi kuwa nawa yana zaune ya haɗa kai da gwiwa.

A kan bene muna saukowa na riƙe hannun jakarsa. "Tsaya. Baba ai yana kan manhajarka. Bai taɓa turo maka saƙon murya ba? Ko gaisuwa ce, ko tari ne ma."

Ya kalli bango. "Kira yake yi."

"Ko sau ɗaya?"

"Auta, mu tafi, za ki rasa mota."

Gida kuwa ya zama wani iri. Yaya ya same ni a kicin ina wanke kofuna, ya ce ba zai yi mini dole ba, amma in sani duk ranar da aka ɗaura da mutumin nan, babu shi a wurin, kuma 'ya'yansa ba za su taka gidana ba. "Waya ma ta faɗa miki gaskiya," ya ce. "Ba ku dace ba. Sai kin ji daga bakin wa?"

Da ya kai maganar gaban Mama, tana ninke kaya a kan gado, ba ta ɗago ba. "Na gaya maka babanku ya karɓe shi. Ba zan warware abin da ya ƙulla ba don ba ya nan. Sai dai a ce masa kada ya shigo inda nake tukuna. Ba na son in gan shi in faɗi abin da ba shi kenan ba."

Kun ji fa. Mutumin da ya raba ta da abin da ta fi so a duniya, shi take karewa, don kawai tana ganin mijinta ya so shi. Ni kuma maimakon in ji daɗi sai na ji kamar an ɗora mini dutse.

Har yanzu tana yi wa wayar caji. Kullum da safe tana kan kushin ɗinta, shayi a gefe, wayar a cinya, mai sauri kamar sabuwa, babu komai a ciki. Shayin yakan huce ba ta sha ba. Ta rame, zoben hannunta har juyawa yake yi. Shekaranjiya na fito da takalmina a hannu ina sanɗa, sai ta kira ni.

"Auta, zo. In babanku zai ce 'mutuniyar', a ina yake jan muryar? A farko ne ko a ƙarshe?"

Na ji kalmar nan sau ba adadi, amma wallahi na kasa tunawa.

"Jiya ina jin ta a kunnena," ta ce. "Yau na neme ta na rasa. Fuskarsa tana nan, muryar ce take tafiya."

Ban je aiki ba ranar. Na koma ɗaki na kulle, na buɗe manhajar nan mai mutum ɗaya, na rubuta masa abin da ban taɓa zaton zan iya ba. Na gaya masa tambayar da Mama ta yi mini. Na ce ya je ya gaya wa Gemu ya ƙara a labarinsa. Na ce, "Ka ce abin da ba a iya buɗewa ba na mutum ba ne. To ka mayar da uwata marar komai, ka huta."

Ya karanta. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta fito, ta ɓace. Har na jefar da wayar a kan filo. Can wajen la'asar ta yi ƙara.

"Na yi miki ƙarya a kan bene. Ya taɓa turo mini, sau ɗaya, a tafiyarsa ta ƙarshe."

Wani saƙon ya shigo.

"Na so in yanke rabinsa in turo miki inda ba matsala. Abu ne mai sauƙi, buɗaɗɗe ne, ana iya gyarawa. Na zauna zan yanke na kasa. Ga shi yadda yake. Wannan zai buɗe a kowace waya."

Sai ga fayil ɗin a ƙasa, ɗan ƙarami, da alamar kunnawa. Na laluba iyafis ɗina marar waya na toshe kunnuwana, na danna.

Ƙarar injin ce ta fara zuwa. Sai gyaran murya. Jama'a, Babana. Babana da ransa, kamar yana zaune a bakin gadona.

"Salamu alaikum, samari. Baban Auta ne. Na tsaya shan shayi ne na ce bari in yi maka magana, don gaba da gaba nauyi nake ji. Kai yaron kirki ne, ba ka sha ba ka yawo, na bincika. Amma na zauna na kalle ka. Kai mutum ne da in ka ga abu, ko bai lalace ba sai ka kwance shi don ka tabbatar kai ne da gaskiya. Mota ma in direba ya cika kwance ta, wata rana a daji za ta bar shi. Ita kuma Auta ba ta iya cewa a'a ga wanda take so ba, kai kawai take gyaɗawa. Ni dai a ganina ba ku dace ba, kuma ban amince ba. Ka yi haƙuri. Ban gaya wa mutuniyar ba tukuna, sai na dawo."

A ƙarshe yake ja. Mutuniyaar. A ƙarshe ne, Mama.

Na kifa fuskata a filo na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka kawo labarin hatsarin. Ina kukan Baba, ina kukan ashe ya san ni har haka, ina kukan mutumin da yake yi mini wa'azin a bar komai a fili alhali ya shekara yana zaune a kan wannan. Kuma duk da haka, ku gafarce ni, wani ɓangare na zuciyata yana cewa ai da ya so da ya yi shiru har abada, ko ya yanke, babu mai sani. Ya san abin da saƙon zai yi masa, ya turo.

Na tashi zaune na share fuska. Kalmar da Mama take nema tana can a jumlar ƙarshe, bayan "ban amince ba". Sai na ji shaiɗan yana raɗa mini cewa ni ma ai zan iya yankewa, ko in kai wa Waya Biyu ta yanke mini, gaisuwar da shan shayin da kalmar ƙarshe, shi kenan kowa ya samu abin da yake so. Na ce bari in sake ji, in ga daga ina zuwa ina.

Na danna. Ban lura iyafis ɗin ya yi 'yar ƙararsa ta mutuwar caji ba. Dama shi da wayata ba su cika jituwa ba, da ya ga dama yake yankewa. Sai kawai muryar ta fito ta lasifika, da ƙarfinta, ta cika ɗakin.

"Salamu alaikum, samari. Baban Auta ne. Na tsaya shan shayi ne..."

Na daka wa sikirin yatsa ya tsaya. Amma na riga na ji faɗuwar wani abu a falo, kamar kofi. Sai takun ƙafa, da sauri, irin saurin da rabon Mama da shi tun bara. Ta murɗa ƙofa ta ji a kulle, ta buga da tafin hannu.

"Auta! Auta, buɗe!"

Na buɗe. Tana tsaye babu ɗankwali, shayi ya jiƙa gaban rigarta. Idonta ba a kaina yake ba, yana kan wayar da ke hannuna.

"Shi ne," ta ce. "Kada ki ce mini ba shi ba ne."

"Mama, ba ke ya turo wa ba. Tsohon saƙo ne, na Malam Buɗe. Bari in gyara miki shi tukuna, gobe sai..."

"Kada wanda ya sake gyara mini komai."

Ta wuce ni ta zauna a bakin gado, ta jawo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita, ta riƙe shi gam a kan cinyarta, wayar a tsakaninmu.

"Mayar da shi farko. Kada ki tsallake mini ko numfashinsa."

Na mayar. Na danna. Injin ya tashi, Baba ya yi gyaran murya ya yi sallama, Mama ta lumshe ido ta amsa masa a hankali. Murmushi take yi, irin wanda na ɗauka ya ƙone tare da motar. Ni kuma ina kallon ɗan ɗigon nan yana tafiya a kan layi, yana matsowa wurin da Baba zai ce ba mu dace ba.